Sai Da Mutum Uku Ake Kayar Da Hamisu

Hamisu ya rasu.

Ina tsaye ina ɗaura ɗankwali zan fita lise, sakandaren da nake koyarwa, da safen nan wayata ta yi ƙara. Hajara ce, matarsa, daga Faransa. Da farko ban gane muryarta ba. Ta ce, "Madam, ɗanki ya tafi." Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na tambaye ta, kamar sakarya.

Jiya da yamma yana filin atisaye da matasan da yake koyarwa, ya ce bari ya ɗan zauna. Bai ƙara tashi ba. Likitoci sun ce zuciya ce. Gobe bayan azahar za a binne shi can, a maƙabartar Musulmi.

Bai cika shekara arba'in ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Hamisu Iro, ɗan Baba Iro mahauci, na unguwarmu a nan Garwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ina sabuwar malama na koyar da shi Turanci, shi ya sa har jiya Madam yake ce min. Ɗan wasan zari-ruga ne, wanda mu nan muke cewa rugbi. Ya buga wa manyan ƙungiyoyi a Faransa da Ingila, ya sa rigar Kamaru, ya jagoranci 'yan wasanmu.

Na buɗe shafin sada zumuntan nan na tarar har an fara. Hotuna, fuskokin kuka, "mun yi babban rashi." Wani babba ma ya rubuta masa dogon yabo, ya kira shi gwarzon ƙwallon ƙafa. Ranka ya daɗe, ko ƙwallon da ke hannunsa a hoton ba ka duba ba? Ya yi maka kama da zagayayye?

Wannan dai jahilci ne, na bar shi. Waɗanda raina ya ɓaci da su wasu ne daban, kuma zan zo kansu.

Na zagaya gidan su Hamisu kafin ƙarfe takwas. Ƙofa a rufe, ba tabarma ko ɗaya a waje. Inna, mahaifiyarsa, tana tsakar gida ita kaɗai ta dafa kai. Na ce ina Baba? Ta ce ya tafi kasuwa. An gaya masa, ya ɗauki wuƙaƙensa, ya ce shi ba shi da gaisuwar da zai karɓa, kuma kada a shimfiɗa masa komai a ƙofar gida.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Za a sa shi a ƙasa gobe ubansa bai yafe masa ba."

Abin da ya sa ban je lise ba ke nan. Kuma shi ya sa sai yanzu, bayan la'asar, na sami zaman rubuta wannan.

Bari in fara da wanda ya tafi.

Hamisu shi ne ɗalibin da benci ba ya isarsa. Tun kafin a buga ƙararrawa ya riga ya je abatuwa, wato mayanka, ya saɓo cinyar saniya a kafaɗa ya kai teburin ubansa. Yana shiga aji da ƙamshin sabulu mai yawa, don kada 'yan aji su ce yana ƙarnin nama. Suna faɗa duk da haka. Ni ma ba zan wanke gidanmu ba. Mu jikokin fatake ne, kuma na ji da kunnena yadda ake cewa "ɗan mahauta" a zaurenmu, ana taɓe baki.

Shekarar da mahaifiyata ta yi fama da ƙarancin jini, kullum sai na tarar da hanta a naɗe cikin takarda a kan katangarmu. Na tare shi na ce wa ya aike ka? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, ragowa ce." Hanta ba ta ragowa a kasuwar Garwa. Kowa ya sani.

Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi Yawunde karatu, can ya ci karo da wasan. Wani koci ya gan shi yana tafiya a titi ya bi shi har ɗaki. Bayan 'yan shekaru wata ƙaramar ƙungiya a kudancin Faransa ta ɗauke shi. Da safe yana fiɗa a mayankar halal, da yamma yana atisaye. Ya rubuto min cewa Turawan mayankar suna taruwa su kalli yadda yake raba haƙarƙari. Ya ce, "Ki gaya wa Baba wuƙarsa ce take ciyar da ni."

Daga nan babbar ƙungiya ta kira shi, ya ajiye wuƙa. Daga nan arewacin Ingila, inda wasan nan ya zama kamar addini. A can 'yan kallo suka ƙirƙira masa waƙa. Dubban fararen fata cikin ruwan sama suna rera sunan ɗan Baba Iro, suna karya shi yadda suka ga dama. Na kalli bidiyon har data ta ƙare.

Daga can yake aiko min tsofaffin littattafai, masu warin danshi. A cikin kowanne sai ya sa 'yar takarda da Turancinsa, ni kuma in gyara kurakurai da jan biro in ɗauki hoto in mayar masa. Ya taɓa cewa, "Madam, duk Ingila babu mai tsorata ni sai jan bironki."

Ya daɗe a Faransa har ya cancanci sa rigarsu, kuma sun nema. Ya ce a'a. Ya dawo ya buga wa Kamaru, lokacin da ƙungiyar ƙasar ko rigunan da suka kai girmansa ba ta da su. Wannan kaɗai ya isa a tuna shi.

Yanzu ku ba ni minti ɗaya in yi aikina na malama, don in ba haka ba ba za ku gane sauran ba.

Wasan iri biyu ne, na mutum sha biyar da na mutum sha uku. Na sha uku Hamisu yake yi. A nasu, ƙungiya tana da dama shida. A ba mutum ƙwallo ya ruga, a kayar da shi, ya tashi ya tura ƙwallon baya da ƙafa, a ba wani. In an yi kayarwa shida ba su kai layin ƙarshe ba, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Hamisu ɗan gaba ne, wanda Faransawa ke kira piliye, wato ginshiƙi. Aikinsa ya karɓi ƙwallo ya nufi inda ƙattai suka fi yawa, ya tura su baya, ya gajiyar da su, don masu gudu su sami hanya daga baya. Ana biyansa ne don a kayar da shi, ya tashi, a sake kayar da shi.

Baba Iro kuwa tsohon ɗan dambe ne, kamar yadda mahauta suka gada. A ƙuruciyarsa ya ɗaure hannu ya zaga Mubi, Yola, Marwa, Bogo. A dambe doka ɗaya ce. Gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an yi kisa, an gama da kai. Kuma abin alfaharin Baba Iro a duniya, bayan salla, shi ne gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Ranar da Hamisu ya fara sa rigar Kamaru, aka haɗa waya da wata 'yar talabijin a wani kanti kusa da layin mahauta. Baba Iro ya sa babbar riga. Ya gayyato tsofaffin abokan dambensa. Ni ina can baya da wasu mata muna leƙe.

Hoton yana yankewa, allon bai fi faranti ba, idon tsoho kuma ya fara rauni. Aka ba Hamisu ƙwallo, ya ruga, ya faɗi.

Sai wani ya ce da ƙarfi, "Ɗaya!"

Aka yi dariya. Aka sake ba shi, ya sake faɗuwa. "Biyu! Baba Iro, an kashe ɗanka sau biyu!"

"Uku! Kai, wannan gidan dambe ne ko gidan birgima?"

"Baba, a aika masa da tabarma mana, tunda kwanciya ya je yi."

A na bakwai Baba Iro ya miƙe ya kakkaɓe riga ya fita, abokansa na kallon ƙasa. Bai ga ƙarshen wasan ba. Mun ci wasan nan. Hamisu aka zaɓa gwarzon ranar, 'yan wasa suka ɗaga shi sama, su shida, suna nishi.

Ku da kuka yi ƙirgar nan, kun san kanku. Uku daga cikinku ni na koyar da ku. Kuna da dish a gida, kun san dokar wasan sarai. Ba kuskure kuka yi ba. Kun ga ɗan mahauci ya wuce ku, ba ku iya taɓa shi, sai kuka taɓa ubansa. Yau kuma ku ne da "ɗan'uwana, abokina, ƙasa ta yi rashi." Ku sauke fostin ɗin nan. Ko ku bar shi, in sa muku sunayenku a ƙasa.

Tun ranar Baba Iro bai ƙara ɗaga wayar Hamisu ba. Ya ce yaron ya ajiye sana'ar gado ya je ya zubar da sunan gida a gaban duniya. An yi ta ƙoƙarin yi masa bayani, da an fara sai ya ɗaga hannu. Mutumin da ya ga abu da idonsa a gaban abokansa, wa zai gaya masa bai gani ba?

Ganina na ƙarshe da Hamisu bayan babbar Sallar bara ne. Ya riga ya daina wasa, gwiwoyi sun ƙare, yana hawa matakalar falona yana dafa bango. Kafin ya shigo wurina ya je ya durƙusa gaban ubansa, tsoho ya amsa masa da "Sannu da zuwa, baƙo," ya ci gaba da jan carbi.

Na zuba wa Hamisu folere, wato zoɓo, mai sanyi ina ta masifa. Na ce gobe zan shiga kasuwa in wanke tsohon nan tas a gaban kowa, in nuna masa shi ne bai gane ba.

Ya yi dariyar nan tasa mai girgiza kujera. Sannan ya daina.

Ya ce, "Madam, kar ki je. Abu ɗaya ya rage masa, ba a taɓa kayar da shi ba. In kika kayar da shi a gaban mutane, me zai riƙe? Bar shi. Akwai lokaci."

Na ji maganarsa. Da na sani ban ji ba. Babu lokacin.

To yau na shiga kasuwa.

Layin mahauta a cike, gatari na sauka a kan kututture, kowa na satar kallon Baba Iro, ba mai iya ce masa komai. Yana tsaye yana yanka kamar kowace rana. Sai dai na lura yankan ba daidai yake fita ba.

Ya ce, "'Yar Alhaji, hanta ko tsoka?"

Na ce, "Ba saye na zo ba, Baba."

"In gaisuwa ce, babu."

Duk maganganun da na jera tun daga gida suna bakina, masu zafi, kuma kun san ni. Na haɗiye su. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci haka ba. Na ce, "Tambaya ce kan dambe. Ni ban san shi ba. In ba damuwa mu zaga baya, kar a yi min dariya."

Ya dube ni, ya san da wata a ƙasa. Amma ba a tambayar Baba Iro dambe ya ƙi amsawa. Ya goge hannu muka zaga bayan rumfa, inda ba kowa.

Na ce, "Baba, in mutum ya shiga fili, mutum nawa ake fitar masa?"

"Ɗaya mana. Duk bokon naki wannan ce tambayar?"

"In biyu suka fito fa?"

"A tashi wasan. Ba a taɓa yi ba."

Na miƙa masa waya. Wani bidiyo ne daga wasannin Ingila, wanda aka rage wa gudu, hoton tar kamar ka taɓa. Ya ga fuskar, ya ƙoƙarta mayar min. Na sa hannuwana a baya. Na ce, "Ka duba min kawai ko kisa ne. Hukuncinka nake so."

Ya nesanta wayar da idonsa. Ya kalla. Ya ce, "Mayar da shi farko."

Na mayar.

"Wannan jan ƙaton a ƙafarsa yake rataye?"

"A ƙafarsa, Baba."

"Ga wani a ƙugu. Kai! Ga na uku ya hau wuya." Ya matso da wayar. "Kuma tafiya yake yi?"

"Tafiya yake yi."

"Da su a jikinsa?"

"Da su."

"Ina alƙalin? Makaho ne?"

"Dokar ke nan. Nawa suka ga dama sai su zo. A kan wasu ɗaya ya isa. A kan Hamisu ba su taɓa yarda su zo ɗaya-ɗaya ba."

Na sa masa wani, na sa masa wani. Ya daina tambayata, da wayar yake magana. "Tura shi. Haka! Sauke kafaɗa. Yauwa, ɗan albarka." A wani wurin Hamisu ya faɗi da mutum uku a kansa, ya miƙe kafin su, ya miƙa wa ɗaya hannu ya tashe shi. Baba Iro ya ce in tsayar a nan. Ya daɗe yana kallo.

Sannan ya ce, "Wannan ai ba kisa ba ne. Taron dangi ne."

Na ce, "Kai ka san dambe, Baba."

"Ran nan ma haka aka yi? A kantin?"

"Haka aka yi."

"Suka zauna suna ƙirga min."

Ya jingina da gungumen rumfa, na juya baya don kada in ga abin da bai kamata in gani ba. Na ji yana cewa a hankali, "Na ce masa baƙo. Ya durƙusa da gwiwoyin nan na ce masa baƙo."

Da ya fito, ba irin mutumin da ya shiga ba ne. Ya tsaya a tsakiyar layi da wayata a hannunsa ya ɗaga murya, muryar da ban ji ba tun ina yarinya.

"Mahauta! Ɗana Hamisu ya rasu! Ɗana, wanda sai da ƙato uku ake kai shi ƙasa! Wanda ya taɓa ganin an yi wa ɗan dambe haka ya tsaya, ya fito ya faɗa!"

Ba wanda ya fito. Gatura suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce a raba naman teburinsa sadaka. Na kusa da shi ya rufe nasa, na gaba ya rufe. Sarkin Fawa da kansa ya taso ya kama hannunsa. Wata Bafulatana da ta zo sayen nama ta tambaye ni da Fulatanci wane babban mutum ne ya mutu. Na ce mata babba ƙwarai.

Ban taɓa ganin layin mahautan Garwa a rufe da rana tsaka ba sai yau. Suka biyo shi a ƙafa har unguwa, wasu ko wanke hannu ba su tsaya yi ba. Masu mashin suka yi ta kaucewa.

A ƙofar gida ya ce a fito da tabarmi duka, a aro na maƙwabta. Na matsa kusa na ce, "Baba, Inna tana jiran kalma ɗaya."

Ya ce, "Me zan yafe? Me ya yi min? Ni ne zan nema."

Na ce, "Faɗa dai, ta ji."

Ya tsaya a bakin zaure ya fuskanci cikin gida ya ce, "Na yafe wa Hamisu duniya da lahira. Allah Ka shaida. Ya Allah Ka sa shi ma ya yafe min."

Kukan da Inna ta riƙe tun safe sai a lokacin ya fito.

Yanzu haka tabarmi sun kai bakin titi. Mutane sun zo daga Pitowa, an ce motar Mayo-Ulo tana hanya. Wayata ba ta dawo hannuna ba, da ta 'yata nake wannan rubutun. Duk wanda ya zauna, bayan addu'a sai Baba Iro ya nuna masa, yana bayani kamar shi ya ƙirƙiro wasan. Ɗazu ya sa na kira Hajara. Ya yi mata gaisuwa, ya kira ta 'yata, ya ce a ba shi jikarsa Maryam, wadda bai taɓa jin muryarta ba. Yarinyar ta ce, "Ina wuni, Kaka," da Hausarta mai karyewa. Ya ce, "Wa ya koya miki?" Ta ce, "Babana. Ya ce wata rana za ka tambaya."

Ya Allah, ga bawanKa Hamisu ya zo. Ka san hantar da ya ajiye a kan katanga, Ka san durƙuson da ya yi bai sami amsa ba kuma bai yi fushi ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajara da Maryam da Inna haƙuri. Ka sassauta wa Baba Iro, don nauyin da ya ɗauka yau ba ƙarami ba ne.

Ku da kuke karantawa, ba fuskar kuka nake nema a kwament ba. Gobe bayan azahar, lokacin da za a sa shi a makwancinsa, ku tsaya duk inda kuke, a kasuwa ko a ofis ko a kan mashin, ku ɗaga hannu ku roƙa masa rahama da sunansa. Hamisu ɗan Iro. Ubansa ya ce a faɗi sunan duka.